Farantin Sulke na Tangaran: Kurakuran da Ke Sa Ya Gaza

Tangaran ɗin da ake sakawa a rigar sulke ba jure wa harsashi yake yi kamar ƙarfe ba, fashewa yake yi. Ya fi kan harsashin tauri, sai ya dagargaza shi, shi ma ya farfashe a wurin, sannan shimfiɗar zaren da ke bayansa, irin su Kevlar ko Dyneema, ta cafke ɓaraguzan. Yawancin kurakurai daga rashin sanin wannan suke tasowa.

Wanda ya fi damuna shi ne wurgi da rigar. Mutum ya dawo aiki a gajiye, ya tuɓe ya jefa ta bayan mota, ko ya mai da ita matashi ya zauna a kai. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa an samu tsaga siririya kamar gashi, kuma nan ne zai ba da kai ranar da ake bukatarsa. In farantin ya faɗi, ciro shi, ka ɗan murɗa gefunansa a kusa da kunne. Ka ji ƙuras-ƙuras kamar yashi? Ajiye shi, ya gama aiki. Ko shiru ka ji, hoton eksire ne ke tabbatar da lafiyarsa.

Wasu kuma juya shi suke yi. Fuskar tangaran ce ke kallon waje, akwai rubutu a jiki da ke nuna ta. Sannan kada ya zazzago kan tumbi: bakinsa na sama ya tsaya daidai ramin da ke ƙasan maƙogwaro, don zuciya da huhu yake karewa.

Sai batun mataki, wato ƙarfin kariyar da farantin ke bayarwa. A ma'aunin 2008 na NIJ, hukumar Amurka mai tsara ma'aunin ingancin sulke, harbi ɗaya tak na harsashi mai huda sulke ake bukatar mataki na IV ya tare, mataki na III kuwa harbi shida na harsashin bindiga mai kaurin milimita 7.62. Saboda haka farantin da ya sha harsashi sau ɗaya, a canja shi. Wani farantin kuma sai da riga mai taushi a bayansa yake cika matakinsa, don haka a karanta takardar da ke manne da shi.

Wajen saye, tsada ba ita ce ƙarin kariya ba, sau da yawa rashin nauyi ake biya. A cikin nau'o'in tangaran ɗin, alumina ta fi araha amma ta kai kusan giram 3.9 a kowane murabba'in santimita mai kauri santimita ɗaya, silikon kabaid 3.2, boron kabaid 2.5. Mai yini a tsaye da faranti biyu, a kafaɗa da baya zai ji wannan bambancin.