Yadda ake tsara zagayen gaɓar kogi a kan keken burji

Sababbin mahaya keken burji, wato keken da aka ƙera don hanyoyin tsakuwa marasa kwalta, kusan duk wuri guda suke tuntuɓe. Mutum zai buɗe taswira a waya, ya ga hanya ta bi wannan gaɓar kogi, wata ta dawo ta waccan, ya haɗa su, manhaja ta ce masa kilomita 50, shi ke nan a ganinsa shiri ya kammala. Bai tsaya ya duba inda zai tsallake ruwan ba, alhali duk zagayen a kan wuraren tsallakawa biyu ya rataya.

Don haka fara da gadoji, tun kafin ka ja layin hanya. Nemo kowace gada da ke tsakanin inda za ka tashi da inda kake son juyowa, ka buɗe hoton tauraron ɗan adam ka matso da shi sosai. Ba kowane layi da ya ratsa ruwa a taswira ne keke ke bi ba. Wani gadar jirgin ƙasa ce. Wani babbar hanya ce da aka hana keke hawa. Wani saman madatsar ruwa ne mai ƙofa a kulle, wani kuma mashigi ne da ake ratsawa da ƙafa in ruwa ya janye, ko wurin fito da ba kullum jirgin ke aiki ba. Manhajojin tsara hanya irin su Komoot daga taswirar intanet ta OpenStreetMap suke ɗauko bayanin hanyoyi, masu sa kai ne ke cika ta, saboda haka gadar da ruwa ya cinye bara tana iya nan daram a wayarka.

In akwai gadar da zuciyarka ba ta kwanta da ita ba, juya zagayen yadda za ka same ta da wuri. Wanda ya tarar da ita a rufe a kilomita 5 ya yi asarar rabin awa. Wanda ya tarar da ita a kilomita 45, ga wurin da ya tashi yana hangowa a tsallake, sai ya koma ta inda ya fito, wata 45 ɗin, da ƙafafun da suka riga suka mutu, rana kuma tana shirin faɗuwa. Ni ba na yarda da zagayen da ba shi da gada ta uku a tsakiya, wadda za a yanke a dawo gida in abu ya ƙi.

Daga nan sai yanayin ruwan. Sararin sama garau a inda kake ba ya nuna kogi ya kwanta, domin ruwan da aka sheƙa a can sama yakan iso bayan kwana ɗaya ko biyu, haka ma in an saki ruwa daga madatsa. Hanyar gaɓa kuwa a fadama take, ita ce farkon nutsewa. Ko ruwan ya janye yana barin laka mai danƙo, wadda ke naɗe taya tana taruwa a tsakanin taya da ƙarfen keke har gaba ta ƙi juyawa, ka koma kana tsokale ta da tsinke kowane taku ashirin. Bari a yi kwana biyu zuwa uku ba ruwan sama kafin ka fita. In kuma ka iske ruwa yana gudu a kan hanya, juya. Ruwa mai ƙarfi da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum.

Wajen zaɓen gaɓar da za ka fara da ita, kada hawa da gangara su dame ka, gefen kogi ba ya da tudu sosai. Iska ce abin dubawa, don tana son bin kwarin kogi. Fuskance ta da safe kana da ƙarfi, ta turo ka a dawowa. In gaɓa ɗaya ta fi yashi da duwatsu, ita ma a gama da ita tun farko.

Lokaci kuma kada ka auna shi da gudunka na kwalta. Yi lissafi da kilomita 15 a awa, ka ƙara awa guda ta tsayawa kallo da ɗaukar hoto, tunda abin da ya kawo ka ke nan. Ka tsara dawowa saura awa biyu rana ta faɗi.

Taya mai faɗin milimita 40 ta wadatar. Rage mata iska zuwa tsakanin 30 da 40 a ma'aunin psi gwargwadon nauyinka, domin in ta yi tauri keke zai riƙa tsalle a kan tsakuwa, hannuwanka su yi tsami. Ko tayarka marar tub ce, ɗauki tub ɗaya da famfo da kayan faci. Na'urar nuna hanya ta kan keke tana da tsada, ba dole ba ce. Sauke taswirar a waya yadda za ta buɗe ba intanet, don sabis yakan ɗauke a kwari, ka haɗa da ƙaramin batirin caji.

Gorar ruwa biyu, abin taɓawa a aljihu, hular kwano, fitila. Kada ka sha na kogin komai kyan ganinsa. Tura wa wani taswirar, ka gaya masa gaɓar da za ka fara bi da lokacin da zai neme ka in bai ji daga gare ka ba.