Yadda nake duba inbatar da ke sa fanka gurnani

Wata hajiya daga Unguwar Rimi ta aiko mini da inbata shagona a Kakuri, wai fanka na gurnani, injin firij kuma na zafi har hannu ba ya taɓuwa. Na sa mita, ta nuna volt 230 cif. Ba ƙarya ta yi ba, ƙarfin wuta kaɗai take faɗa, zubin wutar ba ta gani.

Wutarmu a Najeriya tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa. Lafiyayya a osiloskop, na'urar da ke zana zubin wuta a allo, igiya ce mai santsi, kowane zagaye milisakan 20. Gurɓatacciya kuwa tana goye da ƙananan igiyoyi masu ninkin hamsin ɗin nan: 150, 250, 350. Su ake kira hamonik. Tun 1822 Bafaranshen nan Fourier ya fito da lissafin warware igiya zuwa irin waɗannan 'ya'ya, shi ne maɓallin FFT na jikin osiloskop yake yi maka yau.

Kafin komai, don Allah kada ka jona osiloskop kai tsaye a 230. Ɗan maƙalin nan nasa a haɗe yake da ƙasa, yana taɓa waya mai wuta sai tartsatsi. Nemi ƙaramar taransifoma mai sauke wuta zuwa 12, ka auna a bayanta. Takan ƙara ɗan nata dattin, amma bai kai ya ɓatar da kai ba.

Kunna wa inbatar kaya, ko da fanka da ƙwan lantarki biyu ne, domin wasu sai an ɗora musu nauyi halinsu ke fitowa. Daidaita allo ya ɗauki zagaye goma aƙalla, milisakan 200 ke nan, sannan danna FFT. Dogon tsini zai tsaya a kan 50. Abin dubawa shi ne tazarar tsayi da ke tsakaninsa da na 150 da 250, da ma'aunin desibel allon ke nuna ta. Idan na 150 ya gaza shi da desibel 40, kashi 1 cikin 100 ne, ka kwantar da hankalinka. Desibel 26 wajen kashi 5. Desibel 20 kashi 10 ne, kuma ƙa'idar injiniyoyin lantarki ta IEEE 519 ta tsayar da jimillar gurɓatar ƙaramar wuta irin ta gida a kashi 8.

Igiya mai kusurwa huɗu tsantsa, hamonik ɗinta na uku sulusin uwar igiyar ta 50 ne, na biyar kashi ɗaya cikin biyar, jimilla wajen kashi 48. Motar cikin fanka ko firij ba ta juya wannan rarar zuwa aikin kirki, zafi da ƙara take zama a cikin nadin waya.

Ta Hajiya, allon ya nuna matakala, tsinin 250 kuma ya tashi sosai. Na ce wa ɗanta ya gaya mata ta bar wannan ga ƙwai da cajin waya, firij a nema masa inbata mai santsin igiya, kuma a kawo mini ita in auna kafin a biya kuɗi.