Idan rigima ta taso kan gonar gado

Kada ka ruga kotu. Fara da dattawan gida, sannan mai unguwa, dagaci, hakimi. Ni shawarata, tun maƙwabtan gonar tsofaffi na raye, ka zaga iyaka da su, su nuna kuka ko layin gamba da kakanku ya kafa, a rubuta, su sa hannu.

Abin da ya fi kayar da magada shi ne aro da jingina ba takarda. A fikihun Malikiyya akwai hauzi: bare ya yi shekara 10 yana noma kana gani ka yi shiru, da'awarka ta raunana, sai ka kawo shaidun cewa aro ne.

Bayan rabo, nemi takardar mallaka daga ƙaramar hukuma. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta ba ta ikon filayen karkara.