Darasi na 7: Daga Albashi zuwa Sana'ar Gida

Mai albashi ya saba da abu ɗaya: wata ya ƙare, kuɗi su shigo. Ko an yi ciniki a wurin aikin ko ba a yi ba, nasa yana nan. Kaza kuwa ba ta san ƙarshen wata ba, haka ma akuya. Ku sa wannan a ranku idan kuna tunanin ajiye aiki ku koma kiwo, ko lambu, ko wata 'yar sana'a a cikin gida.

Tsakanin albashinku na ƙarshe da kuɗin farko da sana'ar za ta kawo akwai tazara. A nan mutane da yawa suke durƙushewa, alhali sana'ar lafiyarta ƙalau, lissafin kwanakin ne ba su yi ba. To, bari mu yi shi tare.

Mu ɗauki kajin ƙwai. Idan kuka sayo 'yan tsaki masu kwana ɗaya, sai sun kai mako 18 zuwa 20 kafin su fara ƙwai, wato kusan wata biyar. A cikin wannan lokaci kowace za ta ci abinci kimanin kilo 7. Idan guda 50 ne, kilo 350 ke nan, ba ku ga ƙwai ko ɗaya ba. Ga rigakafi, ga magani, ga ɗumama ɗaki a makonnin farko, wasu kuma za su mutu a hanya. Bayan sun fara ƙwai ma ci bai tsaya ba. Kowace tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato guda 50 ɗin nan suna buƙatar kusan kilo 6 kullum, ko an sayar da ƙwai ko ba a sayar ba. Abinci shi ne ya fi cin kuɗi a kiwon kaji, fiye da rabin duk abin da za ku kashe.

Sauran ma kowa da lokacinsa. Akuya tana ɗaukar ciki kwana 150, sannan a jira ɗan ya girma. Zomo kwana 31 ne. Kajin nama mako 6 zuwa 8. Tumatir yana kai wata biyu zuwa uku bayan dashe kafin a fara ɗiba. Shi ya sa masu wayo suke haɗa mai saurin kawo kuɗi da mai jinkiri, ɗaya ya riƙe gida kafin ɗayan ya iso.

Kada ku saki reshe ku kama ganye. Ku fara tun kuna bakin aiki, da safe, da yamma, da ranakun hutu. Ku fara da kaɗan, ku bi shi tun daga saye har sayarwa sau ɗaya ko sau biyu. Za ku gaji, babu shakka. Amma kuskuren da kuka yi da kaji 20 alhali albashi yana shigowa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda za ku yi da 500 bayan kun ajiye aiki. A wannan lokacin ne kuma za ku nemi masu saye. Ƙwai da ganye ba sa jira, wanda ya tara kaya sannan ya fita neman kasuwa yakan sayar da asara.

Ku sayi littafi ɗaya, ku ja layi uku: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita. Ku rubuta komai, har ƙwan da aka ci a gida da wanda aka ba baƙo. Kuɗin sana'a daban, kuɗin cefane daban. Ku yanka wa kanku albashi daga sana'ar, ku tsaya a kansa. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, domin aljihu ɗaya ne kuma buƙatun gida ba sa ƙarewa.

Kafin ku rubuta takardar ajiye aiki, ku karanta yarjejeniyar da kuka sa wa hannu: kwana nawa ake ba da sanarwa, me kuke bi na fansho ko garatuti, wane taimakon asibiti ne zai tsaya. Ku tanadi abin da zai ciyar da gida aƙalla wata shida, ban da jari. Ku rabu da wurin aiki lafiya, tsoffin abokan aiki sukan zama masu saye na farko. Ku kuma zauna da iyalinku, don dabba tana shan ruwa ko ranar da kuke kwance ba lafiya. Wa zai ba ta?

Aiki: Ku zaɓi sana'a ɗaya da kuke so. Ku rubuta kwana nawa za ta ɗauka kafin ta kawo kuɗin farko. Sannan ku lissafa abin da gidanku yake ci a wata, ku ninka shi da yawan watannin. Ku kawo amsar a darasi na gaba.