Yadda Unguwa Za Ta Tare Shaye-shaye Tun Kafin Ya Shigo Gida

Kwamitin unguwa yakan fara da taron wa'azi ko korar samarin da ke zaman majalisa a bakin layi, bayan wata biyu komai ya koma gidan jiya, domin ba a san girman matsalar ba balle tushenta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Sai dai wannan adadi bai gaya wa mai unguwa abin da ke faruwa a layinsa ba.

A fara da tambaya. A raba wa ɗalibai 'yan shekara 14 zuwa 16 takarda marar suna, tambayoyi ashirin sun isa: me ka sha a kwana 30 da suka wuce, ina aka samo, ƙarfe nawa kake shiga gida, iyayenka sun san abokanka? Kada malamin aji ya karɓa, a jefa a rufaffen kwali, don yaron da ya ga za a gane rubutunsa ƙarya zai rubuta. Almajirai da yaran gareji kuma a tambaye su baki da baki, ta bakin wanda ba ɗan layinsu ba. Kada a manta da 'yan mata, nasu shan a ɗaki ake yi.

Hanyar da ƙasar Aisilan ta arewacin Turai ta bi ke nan. A 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun bugu da giya a cikin wata guda, a 2016 ya koma kashi 5. Ba lacca ce ta yi aikin ba. An kai wa kowace makaranta sakamakonta, iyaye suka ɗaure wa dokar lokacin shiga gida gindi, aka kuma cika wa yara yammacinsu da wasanni da kiɗa. A nan ma, tsakanin La'asar da bayan Isha'i ne ake rasa yaro. Ƙwallo mai koci babba, Islamiyya, koyon sana'a, ko sau uku a mako. Ƙa'idar dare kuwa dole iyayen layi su ɗauke ta tare, in gida ɗaya ne kawai ya tsaurara, yaron zai tare a gidan maƙwabta.

A makaranta a guji tsoratarwa da hoton mahaukaci. Yaro ya san abokinsa mai shan wiwi da bai haukace ba, daga nan ya daina yarda da malam. Abin da ke aiki shi ne a gwada masa yadda zai ce a'a ba tare da ya rasa abokai ba, a kuma nuna masa da alƙaluman unguwarsa cewa ba kowa ke sha ba.

Masu kemis a jawo su cikin kwamiti. An hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun Mayun 2018, tiramol mai miligiram 225 kuma ya wuce ƙa'ida. Mai sayar da su a kai rahotonsa ga NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ban da ɗaukar doka a hannu.

Wanda ya riga ya kamu, ba mari ba, ba kulle a ɗaki ba. Yanke ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam ko roci farat ɗaya kan jawo farfaɗiya, likita ne ke rage su a hankali. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano. Badi war haka a sake raba takardar nan da tambayoyinta yadda suke, a kwatanta.