Yadda Za Ka Shigo Da Jami'a Cikin Sana'arka Ta Sola

Ni mai haɗa sola ne a Sharaɗa da ke Kano, kuma ƙura ce ta kai ni jami'a. Hunturu na kamawa waya ba ta hutawa: "Malam, batirin nan ko Isha'i ba ya kaiwa." In na hau rufi sai in tarar farantan sola sun yi futu-futu, har ka rubuta sunanka da yatsa a kai. Na san ƙura ke cin wutar, amma nawa take ci, kuma duk bayan kwana nawa za a wanke, sai dai in yi kame-kame.

In kana son malaman jami'a su sa maka hannu, kar ka fara da wasiƙa zuwa ofishin manya. Na gwada, takardar ta yi kwantai. Nufi sashen injiniyan lantarki, ka nemi malami ɗaya mai duba ɗaliban ajin ƙarshe. Yaran nan neman abin da za su yi furojet a kai suke, kai kuwa shagonka cike yake da matsaloli. Kuma kar ka je hannu rabbana. Ɗauki inbata (na'urar da ke mai da wutar batiri ta zama irin ta gida) da ta ƙone, ko littafin da kake rubuta wutar da farantai ke bayarwa kullum. Malami in ya ga lambobi sai ya gyara zama.

Wurin zuwa ba ya wuya. Jami'ar Bayero na da tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, ga jami'ar Aliko Dangote a Wudil, ga Kano Poly.

Daga nan ka karɓi ɗaliban SIWES, shirin koyon aiki na ITF, hukumar horar da ma'aikata. Biyu sun isa, kuma don Allah kar ka mai da su 'yan sayo shayi. Ni farantai biyu iri ɗaya na jera musu a rufin shago, ɗaya ana goge shi kowace safiya, ɗayan ba mai taɓa shi. Da azahar su hau da mita, su auna, su rubuta. Kafin hazo ya wuce, littafin ya nuna min lokacin da wanki ke zama dole. Yanzu shi nake buɗe wa kwastoma mai gardama.

Maganar kuɗi kuwa, tun ran gini tun ran zane. Wa zai sayi kayan gwaji, wa zai ba yara kuɗin mota, sakamakon na wa ne? A rubuta, ko a shafi ɗaya ne. Ka kuma sa a ranka cewa agogon jami'a daban yake da na kasuwa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci. Don haka kar ka ɗora musu aikin da kwastoma ke jira.

In kaya sun yi nauyi, nemi abokan sana'a a Bompai ko Challawa ku yi karo-karo. Mu uku muka haɗa kuɗin batiran da za a gwada a zafin Afrilu.