Idan aka ce maka an samu "clash", ba lallai faɗa aka yi ba

Yawancinmu a labarai muka fara jin kalmar "clash": 'yan sanda sun yi arangama da masu zanga-zanga, magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo sun yi taho-mu-gama. Wannan ma'anar tana nan daram, kuma asalin kalmar kwaikwayon ƙarar ƙarfe ne idan ya bugi ƙarfe. Amma wanda ya sauka Birtaniya don karatu ko aiki zai fi jin ta a wani wuri daban, wato a maganar lokaci. Abu biyu sun faɗo sa'a ɗaya, ba za ka iya raba kanka biyu ba, shi ke nan sun yi "clash". Mu sai mu ce sun ci karo. Ba wanda ya yi fushi, ba wanda ya yi laifi.

Ɗan'uwa, nan ne amfaninta yake. Mun taso da kara, babba ya sa maka lokaci ka ce "to", ko da ka san ba za ka samu zuwa ba, daga baya ka ba da haƙuri. A nan wannan "to" ɗin alkawari ce da aka shigar a kwamfuta. Asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, ya aiko maka takarda cewa likita zai gan ka Talata ƙarfe goma, ga shi kana bakin aiki a lokacin. Idan ka yi shiru ba ka je ba, za a rubuta cewa ba ka halarta ba, kuma ana iya mayar da kai wurin likitan unguwa ka sake bin layi daga farko. Idan kuwa ka buga lambar da ke jikin takardar ka ce "it clashes with my shift", wato ya ci karo da lokacin aikinka, mai amsa waya ba za ta tambaye ka dogon bayani ba, wata rana kawai za ta duba maka.

Ɗalibi ya fi kowa bukatar kula. Darussa biyu da ka zaɓa kan faɗo lokaci ɗaya, kuma jami'a tana lissafin halartar masu bizar karatu, domin wajibi ne a kanta ta sanar da ma'aikatar cikin gida idan ɗalibi ya daina zuwa. Kada ka riƙa shiga ɗaya kana barin ɗaya kana cewa Allah ya rufa asiri. Rubuta wa ofishin sashenku tun makon farko, ka ambaci sunayen darussan da ranar da sa'ar. A rubuce, ba a baki ba. Yaran da ke zana GCSE, jarrabawar kammala sakandare, a Mayu da Yuni su ma jarrabawa biyu kan haɗu musu. Makaranta takan jera su ɗaya bayan ɗaya, a tsare yaron ƙarƙashin kulawa a tsakani, ba waya.

Sai babbar maganar, Juma'a da Sallah. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, amma ba ta ce dole a sake ka duk Juma'a ba. Abin da dokar lokutan aiki ta 1998 ta tabbatar shi ne hutun minti 20 ga wanda ke aiki fiye da awa 6, don haka mutane da yawa kan roƙa a tsawaita musu hutun rana su biya da yamma. A Amurka dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta ɗora wa ma'aikatar da ke da mutum 15 zuwa sama ta yi sassauci gwargwado saboda addini, muddin bai zame mata nauyi mai yawa ba. A ganina wanda ya faɗa tun ranar ɗaukar aiki ya fi samun biyan bukata a kan wanda ya riƙa ɓacewa ƙarfe ɗaya. A tuna kuma agogon Birtaniya yana canjawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, lokacin huɗuba yakan matsa, jadawalin da ya yi daidai a hunturu yana iya cin karo a bazara.

Amurkawa sun fi cewa "conflict" a wannan gurbin. Wanda ya ce maka "I have a conflict" ba rikici ya shiga ba, yana da wani abu ne a lokacin.

Sauran amfanin kalmar ba su da wuya. Idan aka ce rigarki da mayafinki sun yi "clash", 'yar'uwa, launukan ne ba su hau juna ba a idon mai maganar, kuma ba dole ki yarda ba. Idan manaja ya kira saɓaninka da abokin aiki "personality clash", yana nufin jininku ne bai haɗu ba. A nan sai ka buɗe ido: wani lokaci da wannan lafazin ake rufe cin zarafi na gaske, a mayar da shi laifin kowa da kowa. In abin ya wuce rashin jituwa, ka rubuta ranaku da abin da aka faɗa, ka kai ƙorafi a hukumance.

A kula da furuci kuma. Harafi ɗaya ne ya raba ta da "crash", haɗarin mota, kuma a waya ba a ganin fuskarka balle a gane lafiyarka ƙalau.